Waiwaye a kan Tarihin Wutar Lantarki a Birnin Maiduguri: Matsayin Ruwa da Mai da Rana da Nukiliya

1.0 Gabatarwa

Muhawarar da ake yi a duniya game da makamashin da ya fi dacewa a samar da wutar lantarki da shi takan tsaya ne a kan abubuwa uku: tsada, da gurɓata muhalli, da kuma ɗorewa. Wannan maƙala za ta dubi batun ta fuskar tarihin gari guda, wato Maiduguri, domin nuna cewa akwai abu na huɗu wanda a wannan gari ya rinjayi sauran ukun. Wannan abu shi ne tazara. Tun daga 1934 zuwa yau, kusan duk wani makamashi da ya haskaka Maiduguri daga nesa aka kawo shi, kuma ta siririyar hanya guda wadda ake iya yankewa. Matsayin da ruwa da mai da rana da nukiliya suka samu a garin ya danganta ne da irin doguwar tafiyar da kowannensu ke yi kafin ya iso.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomi. Bahaushe ya ari kalmar lantarki daga Ingilishi, amma a maganar yau da kullum wuta kawai yake cewa, shi ya sa ake kawo wuta, a kuma ɗauke ta. A nan za a yi amfani da makamashi mai sabuntuwa ga abin da ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, kamar ruwan kogi da hasken rana. Makamashin ƙarƙashin ƙasa kuwa shi ne kwal da man fetur da dangoginsa da iskar gas. Akwai wani ɗan ruɗani da ya kamata a lura da shi: a gidan mai da tashar mota, idan aka ce gas, man dizal ake nufi. Wannan ne ya sa dole a riƙa cewa iskar gas idan ana nufin wadda ake haƙowa daga ƙasa a tura ta bututu.

2.0 Zamanin Injin Cikin Gari

A Legas aka fara kunna wutar lantarki a Nijeriya, cikin shekarar 1896. Maiduguri kuwa ba a ma kafa ta ba a lokacin, domin sai a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, kusa da inda Turawa suka kafa barikinsu. Shekara 27 bayan haka, wato a 1934, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wa garin tashar wuta, bayan ta Fatakwal da ta Kaduna da ta Inugu, kafin ta Yola da ta Zariya. Irin waɗannan tashoshi ƙanana ne, kowace tana zaman kanta, ba waya da ta haɗa ta da wata, kuma ofisoshi da gidajen ma'aikatan gwamnati ne kan gaba wajen cin moriyarsu. Talakan gari fitilar aci-bal-bal da ta kwai ya ci gaba da kunnawa.

A wancan zamani kwal ne sarkin makamashi. An gano shi a yankin Inugu a 1909, da shi jiragen ƙasa suke tafiya, kuma da shi aka tayar da tashar Ijora a Legas da ta Kogin Oji wadda aka buɗe a 1956. Sai dai kwal kaya ne mai nauyi wanda ba ya zuwa inda dogo bai je ba, dogo kuwa bai iso Maiduguri ba sai 1964. Kafin ya iso, zamanin kwal ya riga ya fara shuɗewa, domin an gano man fetur a Oloibiri tun 1956. Ke nan ana iya cewa Maiduguri ta tsallake zamanin kwal ba tare da ta shige shi ba. Haka nan ƙarfin ruwan da kamfanin NESCO ya fara sarrafawa a gangaren Kurra na ƙasar Jos tun 1929, ma'adinan kuza aka yi wa shi, ba garuruwan gabas ba. A ƙarƙashin hukumar ECN, wadda aka kafa da dokar 1950, garuruwan da ke nesa da manyan tashoshi da injinan dizal suka dogara. Injin yana cikin gari, amma mansa daga bakin teku yake fitowa.

3.0 Wutar Kogi da Wutar Iskar Gas

Babban sauyi ya zo ne da madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, wadda aka kammala a 1968, mai ƙarfin megawat 760. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Kwara aka samar da NEPA, sunan da ya shiga bakin jama'a har ya zama wata kalma ta wutar kanta, ya kuma rayu bayan mutuwar hukumar. Daga baya aka ƙara madatsar Jebba a 1985 da ta Shiroro a 1990. A kudu kuma aka yi ta gina tashoshi masu ƙona iskar gas, irin su Afam da Ughelli da Sapele, sai babbarsu, Egbin, mai megawat 1,320. Manufar ita ce a tara wutar duk waɗannan tashoshi a babban layi guda na ƙasa, a riƙa rarraba ta, ta yadda ƙananan injinan garuruwa za su huta.

Abin lura a nan shi ne, tun kafin kalmar makamashi mai sabuntuwa ta zama abin yayi, Nijeriya ta riga ta dogara da shi, domin ruwan Kainji ba wani abu ba ne face hakan. A hankali iskar gas ta rinjaye shi, har ya zama kusan kashi huɗu cikin biyar na wutar babban layi daga gare ta yake fitowa, ragowar kuma daga madatsu. To amma dukkan su biyun a yamma da kudu suke. Tsakanin Kainji da Maiduguri akwai fiye da kilomita 1,000, tashoshin gas kuwa sun fi haka nisa. Wutar da ta iso Maiduguri ta biyo ta Jos da Gombe, daga nan ta bi layi mai kilobolt 132 ta Biyu da Dambuwa. Daga baya aka ƙara wani mai kilobolt 330 daga Gombe ta Damaturu zuwa tashar Molai. Ilimin lantarki ya tabbatar da cewa gwargwadon tsawon waya gwargwadon abin da ke zubewa a hanya, kuma ƙarfin wuta yakan yi rauni a wutsiyar layi. Maiduguri kuwa ita ce wutsiyar, babu wani babban gari a bayanta da layin zai zagaya ya dawo ta wata hanya.

Me ya hana Borno yin tata wutar ruwa? Amsar tana ga shimfiɗar ƙasar. Wutar ruwa tana bukatar ruwa mai yawa da kuma gangare mai zurfi, ƙasar Borno ta tsakiya da arewa kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kogunanta kuma na damina ne. Madatsar Alau da aka gina a kan Kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, don ruwan sha da noman rani aka yi ta. Madatsar Daɗin Kowa da ke kan Kogin Gongola ita ce mafi kusa da aka tsara za ta ba da wuta, amma injinanta masu megawat 40 ba su fara aiki ba sai bayan fiye da shekara 30 da gina ta.

Akwai wani misali daga bakin Tafkin Chadi da ke nuna yadda ruwa da mai suka yi hannun riga a wannan yanki. Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1973 da hedikwata a Maiduguri, ta tsara noman rani na hekta 67,000 a kudancin tafkin. Da yake ruwan tafki ba ya hawa tudu da kansa, sai aka gina tashar wuta mai aiki da mai a Sabon Marte don tayar da famfunan da za su ja shi. A wasu wurare ruwa ke haifar da wuta, a nan kuwa wuta aka nema don a motsa ruwa. Tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye a farin shekarun 1970 da 1980, ya bar magudanar a bushe da injinan a tsaye.

4.0 Shekarar Duhu

An yi wa harkar wuta garambawul da dokar 2005, aka rushe NEPA aka kafa PHCN, sannan a watan Nuwamban 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Borno ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Yola, tare da Adamawa da Taraba da Yobe. Ba a jima ba masu jarin suka ce rikicin Boko Haram ya hana su aiki, a 2015 gwamnati ta karɓi kamfanin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sauya mai shago ba ya rage nisan kasuwa.

Raunin dogon layi ya fito fili ne da rikicin ya tsananta. A 2014 aka lalata layin da ya biyo ta Dambuwa, garin ya daɗe cikin duhu. Abin da ya fi wannan muni ya faru a watan Janairun 2021, lokacin da 'yan tayar da ƙayar baya suka kayar da turakun babban layin da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri. Ma'aikatan kamfanin dakon wuta na ƙasa suka shiga daji da rakiyar sojoji don gyara, wasunsu ma suka taka nakiya. A ƙarshen watan Maris aka maido da wuta, jama'a suka yi murna, amma cikin 'yan kwanaki aka sake tayar da bam a gindin wasu turakun. Daga nan garin ya zauna kusan shekara guda ba tare da wutar babban layi ba.

Ba a fahimtar nauyin wannan al'amari sai an tuna wane irin gari ne Maiduguri. Gari ne da yawan jama'arsa ya ninka saboda 'yan gudun hijira, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, inda kuma yawancin unguwanni da rijiyoyin burtsatse suka dogara. Rijiyar burtsatse kuwa ba ta ba da ruwa sai da famfo, famfo kuma sai da wuta, don haka ɗauke wuta a Maiduguri ɗauke ruwa ne. Azumin shekarar 2021 ya faɗo a tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, daidai ganiyar bazara. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda da teloli, kowa ya koma ga janareto, ya ɗora kuɗin mai a kan abokin ciniki. Asibitoci ma haka, domin ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini da ta allurar rigakafi ba sa jiran a gyara turaku.

A wannan shekara dizal da fetur ne suka riƙe garin, kuma duk wanda zai yi adalci a muhawarar makamashi dole ya yarda da haka. Fa'idar mai ita ce ana iya ɗaukarsa a jarka, a ajiye shi, a kunna shi dare ko rana. Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, janareto kuwa shi ne guntun gatarin. Sai dai gatari ne mai tsada da hayaƙi da ƙara, kuma shi ma mansa ta hanyar Damaturu yake shigowa, hanyar da ta bi gefen turakun da aka kayar. Garin bai kuɓuta daga tazara ba, ya dai musanya waya da tanka.

Maganin da gwamnatin tarayya ta kawo shi ne gina tashar gaggawa mai megawat 50 a cikin Maiduguri, mai ƙona iskar gas, ta hannun kamfanin mai na ƙasa, NNPC. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a ranar 2 ga Maris, 2023. Ta wata fuska, wannan komawa ce ga tsarin 1934, wato inji a cikin gari, bayan an shafe shekaru ana ganin babban layi ya kashe wannan tsari. Amma babu bututun gas da ya iso Borno. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara shimfiɗawa a 2020, a Kano aka tsara zai tsaya, kusan kilomita 600 kafin Maiduguri. Saboda haka sai an sanyaya iskar gas har ta zama ruwa a Jihar Ribas, a zuba ta a manyan motoci, su ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa maso gabas, sannan a mayar da ita iska a ƙone.

5.0 Nukiliya a Takarda

Labarin nukiliya gajere ne, domin ba ta taɓa kunna ko da kwan fitila ɗaya a Nijeriya ba. Sanin farko da mutanen Arewa suka yi mata ma na fargaba ne, lokacin da Faransa ta yi gwajin bam a hamadar Aljeriya a 1960, abin da ya sa Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. An kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa da dokar 1976, amma ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. A 2004 aka tayar da tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, mai ƙarfin kilowat 30 kacal, wadda aikinta gwaje-gwaje ne da koyarwa. Jami'ar Maiduguri ma tana da cibiyar bincike da horarwa a wannan fanni. An ƙulla yarjejeniyoyi da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina tashoshi, amma ba a gina ba.

Ko da an gina, nukiliya ba za ta warware matsalar Maiduguri ba. Babbar tukunya ɗaya takan ba da megawat 1,000 zuwa 1,200, alhali babban layin Nijeriya ya daɗe yana dakon 4,000 zuwa 5,000 ne kawai, masana kuwa ba sa son tasha ɗaya ta wuce kashi goma cikin ɗari na layi, don kada tsayawarta ta durƙusar da shi baki ɗaya. Sannan tana bukatar ruwa mai yawa na sanyaya ta, shi ya sa wuraren da aka zaɓa suke bakin manyan koguna. Wutarta ke nan ita ma sai ta bi turakun Damaturu. Abin da ke faruwa a maƙwabta ma abin dubawa ne: tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, an kuma shafe shekaru a baya ana kai wa tashoshin Faransa, amma ma'adinan kansu da wutar kwal ta Anu Araren suke aiki, Yamai kuwa shekara da shekaru daga Nijeriya take sayen wuta.

6.0 Rana

Makamashi ɗaya ne ba a yi wa Maiduguri dakonsa, shi ne hasken rana. Arewa maso gabas na cikin sassan da suka fi samun rana a ƙasar, inda kowane murabba'in mita kan sami kimanin kilowat-awa shida a yini. Wannan sananne ne tun da daɗewa, tsadar farantan sola ce ta hana a ci moriyarsa, har zuwa shekarun 2010 da farashinsu ya faɗi ƙwarai saboda yawan ƙera su a ƙasar Sin. Ƙungiyoyin agaji sun yi amfani da su a rijiyoyin sansanonin 'yan gudun hijira da ƙananan asibitoci, gwamnatin jiha ta sa fitilun titi masu aiki da rana, duhun 2021 da cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma suka tura masu hali zuwa ga kafa su a rufin gidajensu. Kalmar sola ta zauna daram a Hausa cikin ɗan lokaci, ta kori dogayen fassarori irin su wuta mai aiki da hasken rana daga bakin jama'a. Hukumar samar da wuta a karkara ta gina tashar rana mai megawat 12 don Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta, bayan irinta mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019.

Fifikon sola a gari irin wannan shi ne a warwatse take, ba ta da turke guda da za a kayar a jefa kowa cikin duhu. Ta fi dacewa da famfon ruwa, domin ana iya cika tanki da rana a sha da dare, wato tankin ya zama shi ne ma'ajiya. Amma tana da iyaka. Ƙurar hunturu takan lulluɓe farantan, tsananin zafi yakan rage musu ƙarfi, kuma da faɗuwar rana sai a koma ga batir, wanda shi ne mafi tsada a cikin kayan, shi ne kuma ke saurin mutuwa a ƙasa mai zafi. Wannan ne dalilin da ya sa manyan tashoshin rana na jami'o'i suke haɗe da batura da injinan dizal. Daɗin daɗawa, kuɗin sola a dunƙule ake biyansa tun farko, abin da ma'aikaci babba ko ɗan kasuwa zai iya, amma mai tura baro ba zai iya ba, sai dai ya kai wayarsa shagon caji. Farantan da baturan su ma daga ƙetare suke zuwa, sai dai su sau ɗaya ake dakonsu, ba kullum ba.

7.0 Abin da ke Ƙarƙashin Ƙasar Borno

Saura tambaya ɗaya: shin Borno ba ta da nata makamashin ƙarƙashin ƙasa ne? Tun a shekarun 1970 aka fara neman mai a ɓangaren Nijeriya na kwarin Tafkin Chadi. NNPC ya haƙa rijiyoyi 23, aka ga alamun iskar gas a biyu daga cikinsu, Wadi da Kinasar, amma ba a kai ga abin da za a yi kasuwanci da shi ba, aka dakatar da aikin. Samun mai a Chadi da kuma Agadem ta Nijar, waɗanda ke cikin kwari ɗaya da Borno, ya sa aka sake komawa. A watan Yulin 2017 aka yi wa tawagar masu binciken kwanton ɓauna kusa da Magumeri, aka kashe mutane da dama, cikinsu har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka kuma sace uku waɗanda ba a sako ba sai Fabrairun 2018. Aikin ya sake tsayawa.

A watan Mayun 2023, wata biyu da 'yan kwanaki bayan buɗe tashar gaggawa, aka ƙaddamar da haƙar wata sabuwar rijiya mai suna Wadi-B. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Jere, wadda ta kewaye birnin Maiduguri, a daidai lokacin da motocin gas ke tasowa daga Jihar Ribas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, don ciyar da injin da ke cikin birnin.